Yadda ake zaɓen shuke-shuken gida idan akwai mai asma ko yawan atishawa

Duk wanda ya taɓa ratsa gonar gero da hantsi a watan Agusta ya san bununi, garin nan mai ruwan ɗorawa da ke tashi daga zangarniya idan aka girgiza kara, ya kwanta wa mutum a riga da gashin ido. Mai son ya shuka wani abu a gidan da ke da mai asma, ko yaron da hancinsa ba ya rabuwa da yoyo, daga nan ya kamata ya fara. Gero iska yake ba wa bununinsa ta kai wa ɗan'uwansa, shi ya sa yake zubar da shi da yawa, busasshe, marar nauyi. Kabewa kuwa ƙudan zuma take jira, don haka nata bununin yana da nauyi da danƙo, yana zaune cikin fure har ƙwaro ya zo ya ɗauka. Na farkon shi ke shiga hanci da ido da ƙirji. Na biyun, sai ka kai hancinka cikin furen kafin ya same ka.

Wannan ne ya sa mutane da yawa ke kuskuren mai laifi. Ana ganin fure ja jawur a bakin ƙofa sai a ce shi ne, a tumɓuke shi, alhali ciyawar da ke bayan katanga, wadda ba wanda ya lura ma tana fure, ita ce ke hana yaro barci.

Da farko, a gano abin da ke tayar da ciwon

Kafin a sare ko a saya, a samu littafi a yi wata guda ana rubutawa: ranar da atishawa ko tari ko ƙaiƙayin ido ya tashi, ƙarfe nawa, a ina mutumin yake, me ake yi a gidan a lokacin. A Damagaram, wato Zinder ta ƙasar Nijar, wannan matakin ba abin tsallakewa ba ne, domin abubuwan da ke shaƙe mutum sun fi shuka yawa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu ce ke kan gaba, wadda iska ke kwasowa daga ƙwarin Bodele na ƙasar Cadi. Ga hayaƙin murhu, ga turaren wuta, ga maganin sauro na ƙonawa, ga harawa da dusa da ake jibgewa kusa da ɗakin kwana, ga tantabaru da kaji da kyankyasai. Idan ciwon ya fi tsanani daga tsakiyar Agusta zuwa Oktoba, ciyayi da hatsi ne abin zargi. Idan kuma duk shekara a makonnin da wani itace ke fure yake zuwa, yana gama fure ya lafa, to an kusa kama shi. A kai wa likita littafin nan. Ya fi “kullum ina mura” amfani nesa ba kusa ba.

Kada a yi gaggawar sara. Itacen da ya shekara 20 yana ba da inuwa ba a mayar da shi a damina ɗaya, kuma akwai itatuwa irin su gawo da doka ta kare, sai da izinin ma'aikatan gandun daji ake taɓa su. Sau da yawa sassabe rassan da suka leƙo taga kafin lokacin fure ya wadatar.

Na biyu, a koyi karanta fure

Furen da ya dogara da iska ba ya kwalliya: ƙanana ne, kore-kore ko ruwan ƙasa, ba ƙamshi, ba zaƙi, suna jere a kan tsinke ko suna reto kamar jela. Furen da ke kiran ƙwari yana da kunnuwa masu launi, kuma da safe za ka ga ƙudan zuma ko malam-buɗe-littafi a kansa.

Akwai gwaji mai sauƙi, amma wanda ba shi da ciwon ne zai yi. Da safe, bayan raɓa ta bushe, a shimfiɗa baƙin ƙyalle ƙarƙashin furen a ɗan buga reshen da yatsa. Idan gari ya tashi kamar hayaƙi ya bazu a kan ƙyallen, na iska ne, a bar wa mai shi abinsa. Idan ba abin da ya zubo, sai da ka shafa tsakiyar furen ya manne maka a yatsa dunƙule-dunƙule, na ƙwari ne. Wani masanin lambu Ba'amurke, Thomas Ogren, ya tsara ma'auni daga 1 zuwa 10 da ake kira OPALS, 1 mafi sauƙi, 10 mafi cutarwa. Mai intanet zai iya neman sunan shuka a ciki, sai dai ma'aunin bai damu da yawancin itatuwanmu na Sahel ba, don haka baƙin ƙyallen nan ya fi kusa da mu.

Waɗanda za a nisanta da gida

Ciyawa ce ta farko, musamman kirikiri, wadda ake shimfiɗawa a matsayin gazon, wato koriyar ciyawar ado, a manyan gidaje da ofisoshi. Tana cikin ciyayin da aka fi sani da tayar da asma a duniya, kuma inda ake ba ta ruwa kusan duk shekara take fure. Kan furenta kamar ƙafar tsuntsu yake, yatsu huɗu ko biyar a kan siririn tsinke. Wanda ya riga ya shuka ta kuma ba ya son rabuwa da ita, to ya riƙa aske ta duk mako kafin yatsun nan su fito. A garin da ake sayen ruwa bido-bido wajen ƴan ga-ruwa, gaskiya gazon ba ta cancanci wahalarta ba. Ƙarangiya, kyasuwa da gamba da ke fitowa a kangon da ke maƙwabtaka, a nome su a Yuli tun ba su fitar da kai ba. Masara da gero kuma a bar su a gona, kada a jera su a gindin tagar ɗaki.

Sai ƙayar nan baƙuwa da masana ke kira Prosopis juliflora, wadda aka kawo daga nahiyar Amurka don tsayar da hamada, ta kuma cika gefen tafkuna da bakin hanyoyi. Ana gane ta da furenta mai kama da jelar mage, ruwan ɗorawa, da ƴaƴa dogaye kamar wake da awaki ke rububi. Bununinta sananne ne wajen tayar da mura da asma, ga shi tana daɗewa tana fure. Kada a yi shinge da ita. Bagaruwa da danginta sun fi ta sauƙi, amma su ma ba na bakin taga ba ne.

Zurma na fitowa da kanta a juji da bakin kwata. Furenta na fesa bununi cikin iska, ƙwayarta kuma guba ce ga yaro idan ya tauna. A cire ta tun tana ƙarama. Filawo, mai ganye kamar allura, na iska ne. Tazargade da danginta, da wasu suka fara renonsu a gida don shayi, na iska ne su ma, kuma masu ƙarfi. Idan dole ne, a yanke su kafin su yi fure. Alayyafo ba shi da laifi muddin ana tsinkarsa yana ɗanye, amma da zarar an bar shi ya yi kai don iri, ya koma sahun masu laifi, shi da rukuɓu da ke fitowa a gefen kwami.

Namiji da mace

Wannan wurin ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan ake yin kuskuren da ke ɗaukar shekaru kafin ya bayyana. Wasu itatuwa jinsinsu a rabe yake: namiji daban, mace daban. Namijin ne kaɗai ke fitar da bununi; macen ba ta fitar da ko ƙwaya ɗaya, karɓa take yi. Dabino haka yake, giginya da goruba ma haka.

Idan ka binne ƙwallon dabino, kusan rabin abin da zai fito maza ne, kuma ba za ka sani ba sai ya yi fure, bayan shekara huɗu zuwa takwas. A lokacin ya riga ya zama itace a tsakar gida. Maganin abin shi ne a dasa ɗan da ya tsiro a gindin uwar da aka san tana haihuwa, domin ɗan gindi jinsin uwarsa yake ɗauka, ba ya canzawa. A zaɓi wanda ya yi nauyi ya fitar da saiwarsa, a raba shi da uwa da kaifin ƙarfe, a ɗaure ganyensa, a dasa. Ba a buƙatar namiji a gida: namiji guda yana isar mata kusan 50, kuma masu lambu da hannu suke barbara, su yanko tsinken furen namiji su soka cikin na mace. Sai a samo tsinke biyu ko uku daga lambu idan lokaci ya yi, wanda ba shi da ciwon ya hau ya saka.

Gwanda ta fi sauƙi don ba ta ɓoye kanta da daɗewa. A shuka ƙwaya uku a rami ɗaya. Cikin wata huɗu zuwa shida za su yi fure. Namiji furanninsa ƙanana ne, da yawa, suna reto a kan dogon tsinke. Mace furenta babba ne, ɗai-ɗai, manne da jikin itacen. Akwai kuma mata-maza, mai fure dogo siriri kusa da jiki, wadda ke barbarar kanta. Ita ce ta fi dacewa da gida. A sare mazan tun furen farko. Idan mata zalla suka rage kuma ba namiji a unguwar, ƴaƴan za su riƙa zubewa tun suna ƙanana, don haka a fi neman irin mata-maza wajen masu reno.

Abin da za a shuka

Don inuwa, durumi da ceɗiya ba su da na biyu a wannan fanni. Furanninsu a cikin ɗan ɓauren suke a rufe, wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne ke shiga ya yi barbara, bununin ba ya fitowa iska sam. Ana dasa su da reshe mai kaurin damtse, tsawon mita biyu, a binne santimita 50 a farkon damina. Aibinsu saiwa: tana bin danshi, tana fasa katanga da salga da bututun ruwa. A ba su mita 8 zuwa 10 daga gini, wato sun fi dacewa da ƙofar gida ko fili mai faɗi. Suna da nono kuma, don haka wanda safar hannu ta roba ke sa wa borin jini kada ya yi musu sassabe. Tsamiya ƙudan zuma ke mata barbara, kuka kuma jemagu ne da dare. Dukansu lafiya lau, sai dai haƙurin jira.

Dogon yaro, wanda ya cika titunan Zinder, na ƙwari ne, amma idan ya yi fure da bazara ƙamshinsa na cika unguwa, kuma akwai waɗanda yake shaƙewa. Wanda ke ƙofar gida a bar shi. Sabo dai kada a dasa shi a gaban tagar mai asma.

A ƙaramar tsakar gida, rumman ya fi komai dacewa: yana jure ƙishi, mita 2 daga bango ta ishe shi, furensa ja ne mai nauyin bununi. Gwaba, lemun tsami da magarya duk na ƙwari ne. A ba su mita 3 zuwa 4. Zogale na girma da sauri, kuma da yake ana yawan yanke kansa don ganye, ba ya ma samun damar yin fure sosai. Ayaba ba ta sakin bununi, amma shan ruwanta sai mai lambu a fadama irin ta Miriya ko Gidimuni.

Don ado da shinge, bugambiliya ce kan gaba. Abin da ake gani ja ko shunayya ganye ne mai launi. Ainihin furen ɗan fari ne ƙarami a tsakiya, bununinsa kaɗan. Tana son rana, kuma ƙarancin ruwa ma ƙara mata fure yake. A sa safar hannu mai kauri wajen aski saboda ƙaya. Furen hibiskus, ɗan'uwan yakuwa da kuɓewa, bununinsa manya ne masu danƙo. A kwamin miya kuwa, tumatir, tattasai, barkono, wake, yakuwa, kuɓewa, kabewa da kankana duk ba su da matsala ta hanci. Ƙaiƙayin kuɓewa na gashin jikinta ne, doguwar riga ke maganinsa. Inda ake son rufe ƙasa maimakon gazon, a dasa dankali ya yaɗu, ko a zuba tsakuwa.

Nono da ƙamshi

Shuka na iya zama marar bununi amma ta cuci fata ko ido. Nonon tumfafiya idan ya shiga ido yana iya dushe gani na kwanaki; a wanke da ruwa mai yawa na minti 15 a tafi asibiti. Aguwa da tinya nononsu na ƙona fata. Ƙariya, mai kumburarren gindi da fure ja-ja da ake sayarwa a tukwane, da loriye mai dogon ganye da ake jerawa a bakin ofisoshi, guba ne daga ganye har saiwa, kuma ba a hura wuta da itacen loriye. Bini-da-zugu ƙwayarsa na jan yara don tana kama da gyaɗa. Gidan da ke da masu rarrafe ya haƙura da waɗannan duka.

Mangwaro ba ya cika damun hanci, amma ruwan da ke fita daga hancin ɗanyen ɗa yana sa wa wasu ƙuraje a leɓe da hannu, kwana ɗaya ko biyu bayan taɓawa. Irin wannan mutum wani ya tsinko masa, a wanke, a fere kafin a ba shi. Ruwan lemun tsami da ya bushe a hannu aka shiga rana da shi yana barin tabo kamar ƙuna.

Ƙamshi mai ƙarfi shi kansa yana shaƙe mai asma ko da ba bununi. Furen lalle da yasmin suna cikin waɗannan. Lallen da ake aske wa kai akai-akai don ganye ba ya yawan fure, sai a riƙe shi a haka, a can ƙarshen gida.

Wurin dasawa da yadda ake dasawa

A tsaya a tsakar gida a lura da iska. Da hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, da damina daga kudu maso yamma. Duk shukar da ake shakka a kanta, kada ta kasance tsakanin iskar lokacin furenta da tagar ɗakin kwana. Gefen arewa maso gabas kuwa a yi masa shinge mai duhu na bugambiliya ko magarya, ya riƙa tare wani abu daga ƙurar hunturu. A bar aƙalla mita 3 tsakanin taga da kowace shuka mai fure, kuma kada igiyar shanya ta bi ta ƙarƙashin itace mai fure, don tufafi da zannuwan gado na kwasar bununi su kai shi har kan matashi.

Rami na itacen marmari santimita 60 ne faɗi, 60 zurfi. A unguwannin da dutse ke kusa, irin su Birni, idan an ci karo da fa a santimita 30, a canza wuri ko a koma ga rumman da bugambiliya a babbar tukunya. A haɗa ƙasar saman ramin da bokiti biyu na takin da ya ruɓe sarai. Ɗanyen taki na ƙona saiwa, yana kiran gara, yana kuma yin funfuna. A yayyafa wa taki ruwa kafin a taɓa shi don kada ƙurarsa ta tashi. A dasa idan damina ta zauna, daga tsakiyar Yuli zuwa ranar dashen itatuwa ta 3 ga Agusta, a kewaye da kariya saboda awaki. Ruwan saman Zinder bai cika wuce milimita 400 da ɗoriya a shekara ba, don haka a ranin farko ɗan itace na buƙatar kamar lita 10 duk kwana biyu ko uku. Dabarar da ta fi: a binne tulun ƙasa irin na Miriya, wanda ba a shafe ba, har wuya, taki ɗaya daga gindin, a riƙa cika shi a rufe bakinsa. Ruwan na tsatsafowa kai tsaye ga saiwa, saman ƙasa na zama a bushe, ba ciyawa, ba funfuna, ba sauro.

Tukwanen cikin ɗaki

A cikin ɗaki ba bununi ne abin tsoro ba, funfuna ce da ƙura. Ɗakin kwanan mai asma a bar shi ba shuka ko ɗaya. A falo ko baranda, biyu ko uku sun isa, kuma a zaɓi masu ganye mai santsi da ba sa son ruwa da yawa, kamar moda da alobera. A guji ɗan ɓauren ado mai ƙananan ganye masu sheƙi da ake kira Ficus benjamina: nononsa na fitowa saman ganye ya haɗu da ƙura, an kuma san shi da tayar da asma a cikin ɗaki. A guji mai faffaɗan ganye da ɗigon fari da ake kira Dieffenbachia, domin yaro ya tauna shi baki da harshe kumbura suke.

Tukunya lallai ta kasance da huda a gindi. Haɗin ƙasa: kashi biyu yashi, kashi ɗaya ƙasar lambu, kashi ɗaya ruɓaɓɓen taki, sannan a rufe sama da tsakuwa mai kaurin santimita 2. Kafin a ba da ruwa a soka yatsa har gaɓa ta biyu. Idan da danshi a bari. Ruwan da ya taru a faranti a zubar bayan rabin awa. Idan aka ga fari-fari kamar auduga a saman ƙasa, ko aka ji warin rima, ruwa ya yi yawa: a fitar da tukunyar waje, a kwashe santimita 3 na sama, a sa sabuwa, a bar ta ta sha rana. Da hunturu a goge ganye da jiƙaƙƙen tsumma sau ɗaya a mako, kada a kaɗe shi da busasshe.

Ranar aiki

Mai ciwon zai iya aikin lambu idan ya zaɓi lokacinsa. Da yamma ya fi, ko bayan ruwa ya sauka ya kwantar da komai. Hantsi mai iska shi ne mafi muni a lokacin furen ciyayi. Ya sa takunkumi da tabarau da doguwar riga, ya bar wa wani noman ciyawa, juya taki da shara. Mai shara ya yayyafa ruwa tukuna. Ganyen da aka tara a binne shi a rami ya zama taki, kada a cinna masa wuta a tsakar gida. Da an gama a cire kayan aiki a waje, a yi wanka har da kai kafin a hau gado.

Iskar da ke gaban hadari a kula da ita sosai: tana tattaro ƙura da bununi, danshi kuma na farfasa ƙwayoyin su zama ƙanana da ke kaiwa can cikin huhu. A birnin Melbon na Ostireliya, a Nuwamban 2016, irin wannan hadari a lokacin furen ciyawa ya kai dubban mutane asibiti, 10 suka rasu. Da an ga gabas ta yi ja, mai asma ya shiga ɗaki a rufe tagogi, abin shaƙarsa na kusa da hannu, sai ruwa ya sauka sosai a buɗe. Idan numfashi ya yi wuya har ba ya iya ƙarasa magana, ko leɓe da harshe suka kumbura bayan taɓa wata shuka ko harbin ƙudan zuma, ba a jiran safiya, asibiti za a nufa nan take, a kuma tsinko reshen shukar a saka a leda a tafi da shi don likita ya gani.